Gem ɗin dambe da muke haɗawa a Agege: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 11 Janairu 2025

Bismillah. Daga yau zan riƙa rubuta inda aikin nan ya kwana, ko dan kar in manta abin da muka gwada da abin da muka watsar. Mu biyu ne, ni da abokina da muka tashi layi ɗaya a nan Agege, shi ke rubuta kod ni kuma zane. Da rana ina shagon buga banna da katin biki a Ikeja, da daddare sai wannan. Gem muke so mu haɗa na waya, na dambe, damben mu na gargajiya mai ɗaurin hannu da kalangu da turmi uku, saboda duk gem ɗin faɗa da yaran unguwa ke bugawa ba ko ɗaya da za ka ga mutum ya tsaya irin tsayuwar da muka sani.

Toh tambayar farko da ta tare mu ita ce da wace manhaja zan ƙera mutanen in kuma motsa su. Na kwana biyu ina duba farashi kuma wallahi jikina ya yi sanyi. Maya ta kamfanin Autodesk, wadda manyan kamfanonin gem da na fim suka fi aiki da ita, kusan dala 2,000 ce a shekara, kuma ba saya kake ba haya ce, tun 2016 Autodesk suka daina sayar da lasisin dindindin, ranar da ka daina biya ranar ta rufe. Da dala sama da naira 1,500 kenan ana maganar wajen miliyan uku duk shekara. 3ds Max ma kuɗin ɗaya ne. Akwai wadda suke kira Maya Indie ta ƙananan masu sana'a, wajen dala 300 a shekara ga wanda abin da yake samu bai kai dala 100,000 ba, sai dai ba kowace ƙasa ake sayarwa ba, kuma ko ita ɗin in ka juya ta haura naira 450,000, wato fiye da albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikacin gwamnatin Legas mai ɗaukar 85,000. Houdini ma na da irin wannan tsarin na Indie amma ita ƙarfinta a wuta da hayaƙi da rugujewar gini yake, mu kuma mutum biyu ne a fili suna zagaya juna. ZBrush tun da Maxon suka saye ta ita ma ta fi karkata ga haya. Ga kuma maganar biya, zuwa wannan Janairun na 2025 katin naira ya daɗe ba ya wucewa a shafukan waje, sai ka nemi katin dala ko ka roƙi wani.

Ban yanke komai ba tukuna. Amma Blender, manhajar ƙera 3D da ake bayarwa kyauta, na sama a takardata.

Lahadi, 19 Janairu

Jiya na shiga Computer Village na ƙara wa laftop ɗina ram, daga 8 ya koma 16, na kuma sayi maus mai ƙafar tsakiya saboda a Blender da ita ake juya kallo, in ba ita kamar kana aiki da hannu ɗaya ne. Ina tsaye ana ɗaura ram ɗin wani yaro ya ji muna maganar, ya ce oga kawo in zuba maka duk manyan manhajojin nan kirak, wato na sata, kuɗin data kawai za ka ba ni. Na ce masa ya bari na gode. Dalilina biyu ne, na farko haƙƙin mutane ne kuma ni ina so ranar da gem ɗin nan ya kawo ko naira ɗaya ta zama halak ɗina, na biyu na ga yadda irin wannan ta cinye kwamfutar wani shago a layinmu, duk aikin kwastomomi ya kulle. Wani kuma ya ce in ari lasisin ɗalibai tunda kyauta ne, amma sharaɗinsa a fili yake, na koyo ne ba na kasuwanci ba.

Da yamma muka yi doguwar gardama da abokina a wajen mai shayi. Shi ra'ayinsa mu bar 3D gaba ɗaya mu yi zane shimfiɗaɗɗe da Spine, manhajar motsa irin wannan zane, ƙaramar sigarta dala 69 ce saye ɗaya, waya ba za ta wahala ba. Na ce masa ƙaramar ba ta lanƙwasa zane yadda nama ke motsi, sai babbar, ita kuma ta haura dala 300. Kuma babban abin, dambe zagaye ne, 'yan dambe ba gaba da baya kawai suke ba, kewaya juna suke suna neman kafa, in kyamara ba ta iya zagayawa da su rabin daɗin ya tafi. Sai ya ce toh ai araha ba ta ado, abin da aka ba ka kyauta ta yaya zai yi aikin ƙwararru.

Wannan ta sa na je na karanta tarihin Blender. Wani ɗan Holan ne ya fara ta, Ton Roosendaal, kamfaninsa ya karye a 2002, sai ya kafa gidauniya ya roƙi jama'a, cikin mako bakwai aka tara yuro 100,000 aka fanso kod ɗin daga hannun masu jari aka sake shi ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'ana ba wanda zai wayi gari ya ce daga yau sai an biya, kuma duk abin da ka ƙera da ita naka ne, ka sayar yadda ka ga dama. A 2019 da 2.8 ta fito aka sake mata fuska gaba ɗaya, a shekarar Epic masu injin haɗa gem na Unreal suka ba su dala miliyan 1.2. Na tura masa wannan duka, ya ce mu gwada wata ɗaya.

Na sauke 4.2 LTS, wadda ake ci gaba da gyara ta shekara biyu ba tare da an canza mata tsari ba, saboda bana so muna tsakiyar aiki maɓallai su sauya wuri. Akwai mai zif wadda ko instol ba a yi, na zuba a filash na ba shi.

Laraba, 5 Fabrairu

Ɗan dambe na farko ya tsaya da ƙafarsa. Daga akwati na fara, ina jan ɓangarorinsa ina yanka, da madubi a kunne dan in yi rabi ɗaya rabin ya bi, sai a ƙarshe na kashe madubin na yi hannun ɗauri daban tunda shi dunƙule ne da zare. Na tsayar da shi a alwatika wajen 6,000, wato ƙananan gutsattsarin da suka haɗu suka zama jikinsa, saboda wayoyin da muke hari masu ram 2 ne da 3, irin wanda ke hannun yaran Mile 12 da Idi-Araba. Gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa na ƙara musu zobe uku uku dan kar su murƙushe in an lanƙwasa.

An amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a watan jiya, dan haka bidiyon koyo yanzu a shago nake saukewa in kalla a gida.

Juma'a, 21 Fabrairu

Yau ce ranar da ta fi kowace muhimmanci tunda muka fara, bari in rubuta da kyau.

Akwai shafin Mixamo, na Adobe ne tun 2015, kyauta in kana da akawun. Ka ɗora mutuminka, ka ɗora alama a haɓa da wuyan hannu da gwiwar hannu da gwiwa da mara, cikin minti biyu ya saka masa ƙasusuwa 65, sannan ga motsi dubbai a jere ka zaɓa, tafiya, gudu, faɗuwa, naushi kala kala. Da na ga mutumina na kai naushi a karon farko sai da na tashi tsaye. Na ce shikenan an gama, wata biyu gem ya fito.

Bayan Juma'a na ɗauki laftop na je wajen Baba. Dattijo ne mahauci a kwatar Oko-Oba, aminin mahaifina ne, ya yi dambe da ƙuruciya kafin ya zo Ikko, har yau in ka kalli bayan hannunsa na dama za ka gane. Na gaishe shi na buɗe masa. Ya kalla shiru, ya ce in maimaita, na maimaita sau uku. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ɗan dambe ba ne. Ɗan bokis ne ka sa wa laya."

Na ce, "Baba ina ne bai yi ba?"

Ya miƙe, da rigarsa ta aiki da komai, ya buɗe ƙafa sosai ya sauke ƙugu, ya miƙa hannun hagu gaba tafin a buɗe yatsu a warwatse, na dama kuma ya kai shi can baya ƙasa kusa da cinya. Ya ce ka gani, shi naka ya tattara hannu biyu a haɓa yana tsalle tsalle kamar ƙasa na da zafi, mu ba ma haka. Wannan na gaba shi ke auna maka nisa, shi ke tare ido, shi ke dafe kan mutum. Na bayan nan kuwa ajiye shi ake, ba a fito da shi sai an ga kafa, in ya fito kuma daga ƙugu yake tasowa ya zagayo, ba daga kafaɗa ba. Ya kai guda ɗaya a iska, mutumin da ya haura sittin, sai da na ji iskar a fuskata. Ya ce kuma ɗan dambe ya fi daɗewa yana jira a kan yana duka, wanda bai iya jira ba shi ake kashewa a turmin farko.

A danfo ina dawowa na gane abin da ya faru. Motsin da ke cikin rumbun nan an ɗauko su ne daga jikin mutanen da suka yi bokis da karate da sauransu, an yi su da kyau kuma, amma ba wanda ya je ya ɗauko dambe. Ko Maya ta miliyan uku na saya ba za ta zo da shi a ciki ba. Dole in zauna in yi shi da hannu firem bayan firem, dan haka abin da nake buƙata manhajar da zan daɗe a cikinta ne ina gyara ba tare da agogon haya na bin bayana ba. A nan na rufe maganar zaɓe, Blender ce. Mixamo zan bar shi ga 'yan kallo da masu tafi a gefen fili.

Baba ya yarda ranar Lahadi in zo in ɗauke shi bidiyo, shi da wani yaronsa da ke wasa yanzu.

Talata, 11 Maris

Azumi, aiki ya ragu, bayan tarawi awa ɗaya ko biyu sai barci. Bidiyon na nan, na ɗauka ta gaba da ta gefe da waya biyu, na jera shi a bayan mutumina a cikin Blender ina bi.

Na yi asarar aikin dare uku. Na gama tsayuwa da zagaye, na buɗe sabon akshon, wato ma'ajin motsi guda ɗaya, dan in fara naushi, ban danna alamar garkuwar nan da ke riƙe tsohon ba, na yi sebin na rufe. Duk akshon ɗin da ba a jingine da komai ba share shi ake in an sake buɗe fayil, haka tsarin yake, ni ne ban sani ba. Abin ya min ciwo sosai. Yanzu kowane motsi ina gamawa sai in danna garkuwa in tura shi NLA, inda Blender ke jera motsin da aka gama, kuma fayil kullum da sabon lamba.

Abokina ne ya turo min labarin Oscar na farkon watan nan, fim ɗin katun da ya ci na bana ɗan Latbiya ne ya yi shi kuma da Blender aka yi. Bai ƙara cewa komai ba sai "ci gaba malam".

Lahadi, 13 Afrilu

An sha ruwa an yi sallah, mun dawo da ƙarfi. Makon nan biyu duk a ƙashi suka tafi.

Na bar ƙasusuwan Mixamo na koma Rigify, tsarin saka ƙashi da ke zuwa a cikin Blender, saboda tana ba ka madafa, ka kafe ƙafa a ƙasa ka ja ƙugu ƙafar ba ta zame ba, kuma tsayuwar dambe gaba ɗayanta a kan wannan take. Wani abin da ya min daɗi, hannun ɗauri ba ya buƙatar yatsu ko ɗaya, dunƙule ne, sai na cire su duka na bar na hannun gaba kaɗai inda yatsun ke magana. Ƙashi ya ragu, waya ta samu sauƙi. Layu da gurun da ke ƙugu da farko na so in sa su yi lilo da kansu da tsarin yadi, sai na tarar wannan ba ya bin fayil zuwa injin gem, dan haka na ba kowace laya ƙaramin ƙashi ɗaya ina kaɗa ta da hannu.

Fentin nauyi shi ne ya fi cin rai, inda kake nuna wa kowane ƙashi iya naman da zai ja, ja yana nufin ya ja sosai shuɗi babu ruwansa. Hammata ta ba ni wuya, duk sanda hannu ya zagayo daga baya sai haƙarƙari ya biyo shi kamar roba, kwana huɗu ina gogewa ina sakewa.

Shi kuma naushin, na ƙirga a bidiyon Baba a firem 30 duk daƙiƙa. Ɗaukowar, wato sanda ƙugu ya fara juyawa kafin hannu ya taso, ta fi dukan kansa tsawo nesa ba kusa ba, dukan firem uku ne zuwa huɗu ya wuce. Sai abokina ya ce ai wannan shi ne gem ɗin, mai wasa ya koyi karanta ƙugun abokin karawarsa, in ya ga ya motsa ya kauce ko ya riga shi. Kuma ba ma buƙatar layin jini a saman allo irin na sauran gem, a dambe hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, magana ta ƙare. Mun daɗe a kan wannan har aka kira asuba.

Injin Godot muka ɗauka, wato manhajar da za a haɗa gem ɗin kansa a ciki. Unity ma kyauta ce ga irin mu, har sun ɗaga iyakar abin da za ka samu kafin ka fara biya zuwa dala 200,000, amma abokina bai manta Satumban 2023 ba da suka sanar za su riƙa cajin kuɗi kan kowane instol, duk da sun soke bayan shekara ɗaya, ya ce hankalinsa ya fi kwanciya da buɗaɗɗen lasisin MIT na Godot. Unreal sai ka wuce dala miliyan ɗaya suke karɓar kashi 5 amma ta fi ƙarfin laftop ɗinmu. Godot 'yan Ajantina biyu ne suka fara ta, ba ta da nauyi, kuma tana shan fayil ɗin 3D na glTF kai tsaye, wanda shi ma buɗaɗɗen tsari ne ba kamar FBX da ke hannun Autodesk ba. Abu biyu na koya wajen fitarwa, ka danna Ctrl+A ka daidaita girma da juyi kafin ka saka ƙashi, sannan ka zaɓi ƙasusuwan da ke jan nama kaɗai su fita, in ba haka ba duk madafan Rigify ɗaruruwa za su bi ka cikin gem.

Alhamis, 8 Mayu

Fenti. Na yi kwaɗayin Substance Painter gaskiya, a shagon intanet na Steam ana sayar da ita saye ɗaya kusan dala 200 ba haya ba, kuma ita ce abin da na gani a duk binciken nan da na ji kuɗinta ya dace da aikinta. Amma a allon waya mai inci shida ba wanda zai ga ramin gashi a fatar mutum. Krita na ɗauka, kyauta, hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1024 ga kowane ɗan dambe, na zana inuwa da ƙura da zufa a jikin hoton dan kar waya ta wahala da lissafin haske. Zaren ɗauri na ɗauki hoton na gaske a hannun yaron Baba.

Damina ta shigo, wuta sai a hankali, jiya awa uku aka ba mu. Na koma zuwa shago da sassafe kafin oga ya zo, da izininsa, in yi awa ɗaya da rabi.

Wani ƙanena da ke karatu a Yaba ya tambaye ni shi wacce zai koya. Na ce masa in burinsa aiki a babban kamfani ne ya karɓi Maya ta ɗalibai ya koya tunda har yanzu ita suka fi nema a tallar aiki, ba zan ɓoye masa ba. In kuma nasa zai gina da aljihunsa kamar mu, ya zo da filash.

Asabar, 14 Yuni

Sai da hidimar babbar sallah ta lafa na samu Baba, makon jiya ko zama ba ya yi. Wannan karon a waya na kai masa, ƙaramar wayar ƙanwata mai ram 2, 'yan dambe biyu a fili, ƙasa ja, ba kiɗa tukuna ba 'yan kallo. Ya riƙe ta nesa da ido ya kalli yadda suke zagaya juna hannu a miƙe. Yaran kwata suka taru a bayansa. Da na jan wando ya ɗauko daga ƙugu ya sauke wa ɗayan, gwiwa ta taɓa ƙasa, sai wani yaro ya yi ihu ya kashe shi! Baba bai ɗago ba, ya ce in sake.

Ya ce, "Yanzu ka fara. Amma ƙafar baya tana tashi da wuri, ka bar ta a ƙasa sai hannu ya sauka. Kuma ina bahago? Fili ba bahago ai bai cika ba."

Na ce, "In sha Allah Baba, sati biyu."

Bahago ba wuya, juya motsin zan yi dama ta koma hagu, sai dai abokina zai sake lissafin inda duka ke sauka. Ƙafar baya na gyara ta daren nan, firem biyu na ƙara mata.

Lissafin kuɗi zuwa yau: ram, maus, data, da man janareta na dare shida. A manhaja ko kobo. Abin da ke gaba dala 25 ne na buɗe akawun a Google Play, biya ɗaya, kuma sabon akawun sai mutum 12 sun gwada gem ɗin kwana 14 a jere kafin a bari ya fita kasuwa, yaran kwata bakwai sun riga sun ba da suna. Motsi tara na gama cikin sha shida da muka rubuta, saura shuri, riƙo, faɗuwa iri biyu, tashi, kirari da zagayen nasara. Ranar Laraba kuma za mu je wajen mai kalangu da Baba ya haɗa mu da shi, mu ji nawa zai karɓa mu ɗauki sauti.